Wasiƙa daga Berlin: Ƙubbar Majalisa da Filin Tempelhof

'Yan'uwa na gida, assalamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice, domin tambayar da kuke ta maimaita mini, wato yadda Jamusawa suke zama da masu mulkinsu, ba ta amsuwa sai an bi ta kan gini da fili. Batun haya da abinci kuwa zan taɓo shi idan hali ya yi.

Ginin majalisar tarayya, Reichstag, an kammala shi a 1894, ya ƙone a Fabrairun 1933, Hitler kuma ya fake da gobarar ya danne 'yancin jama'a. Kafin majalisa ta taso daga Bonn, tsohon babban birnin Jamus ta Yamma, zuwa Berlin a 1999, mai zanen gini ɗan Ingila, Norman Foster, ya ɗora masa ƙubbar gilashi daidai saman zauren muhawara. Mutum yana bin hanya mai murɗewa har ƙololuwa, 'yan majalisa suna ƙasa da ƙafafunsa, madubai 360 suna tura hasken rana zuwa kujerunsu. Ba a biyan ko sisi, amma sai ka yi rajista tun da wuri, ka ba da cikakken suna da ranar haihuwa, ka zo da fasfo, a caje ka a bakin ƙofa. Saman ƙubbar kuma a buɗe yake, iskar hunturu tana ratsa rigar sanyi har ƙashi, yatsu su sandare mutum ya kasa riƙe waya, alhali tsofaffin Jamusawa suna tsaye suna karanta allunan tarihi, ko a jikinsu.

A ganina wannan leƙe ishara ce kawai, tunda daga can ba ka jin abin da ake faɗa. Inda ikon jama'a ya fito fili shi ne Tempelhof, tsohon filin jirgin sama da aka rufe a 2008. Gwamnatin birnin ta so yin gine-gine a gefensa, mazauna suka tara sa hannu, aka yi ƙuri'ar raba gardama a 2014, suka hana. Yau a kan titin saukar jirage yara ke tuƙa keke, iyalai suna gashin nama, ko da yake tsadar haya ta sa gardamar ba ta mutu ba.

Mu ma muna da dandali da ƙofar fada, inda mai kuka ke tsayawa a saurare shi. Idan kuka ga ana auna filin ƙwallon unguwa ko harabar makaranta za a yanka shaguna, ya kamata mai unguwa da matasa su nemi ganin takardar izini tun kafin a sauke bulo.