Wasiƙa daga Fujian: farin tangaran na Dehua

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina rubuto muku daga Quanzhou a lardin Fujian na ƙasar Sin, birnin da Ibn Battuta ya ziyarta a ƙarni na 14, ya kira shi Zaitun. Masallacin birnin na shekarar 1009 yana nan har yau. A cikin duwatsun arewa da birnin akwai Dehua, garin maginan tangaran, kuma kan gumakansu na addinin Buddha nake son mu tattauna. Bauta musu ba tamu ba ce, aikin hannun ne ya tsayar da ni.

Ƙasar Dehua ba ta da sinadarin ƙarfe sosai, shi ya sa idan an toya ta takan fito fara mai ɗan ruwan hauren giwa. Ba a zana mata fure, ba a shafa launi. To ina magini zai ɓoye kuskurensa? Komai a fili yake: ninkin mayafi, lumshewar ido, yatsu sirara. Sukan danna yumɓu a mazubi, sannan su bi da wuƙa da hannu su fitar da sauran.

Wadda aka fi ƙerawa ita ce Guanyin, abar bautarsu ta jinƙai. Gwanin gwanaye kuwa He Chaozong ne, na ƙarshen daular Ming, wanda kan buga hatiminsa a bayan gunki. Jiragen ruwa sun yi ta kwasar kayan zuwa Turai, har Sarki Augustus na Dresden a Jamus ya tara su da yawa, masana'antarsa ta Meissen da aka kafa a 1710 ta riƙa kwaikwayonsu. A Japan ma, Kiristocin da aka hana addininsu sun riƙa ajiye Guanyin mai rungume da jariri a matsayin Maryamu.

Ku 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou, a kula. An daɗe ana kwaikwayon hatimin He Chaozong, kuma Dehua ba ta daina toya sababbi ba. Duk mai shagon da ya juya maka bayan gunki ya ce na Ming ne, ya kuma yi maka araha, na bara yake sayar maka. Na ainihin sai gidajen tarihi irin na fadar Beijing, ko manyan wuraren gwanjo.

A gaida mutanen gida. Wassalam.