Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Baffa Ya Sa Na Kife Littafi

Makon jiya mun tsaya a inda na sauka Samaru da akwatin ƙarfe, da garin kwaki, da ƙuli-ƙulin da Inna ta ƙulle min a leda. Na samu gurbi a Tsangayar Kimiyya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a raina ban kawo cewa karatu zai taɓa gagarata ba.

A sakandare ni ake nunawa in ana maganar ƙoƙari. Dabarata ɗaya ce, hadda. Malami ya rubuta a allo, mu kwafa, da dare in haddace, ranar jarrabawa in mayar masa da abinsa yadda ya ba ni. Da ita na ci WAEC, da ita na ci JAMB. Amma a jami'a mu ɗaruruwa ne a ɗaki guda, malami yana bayani da Turanci cikin sauri, kuma ba a tsayawa jiran mai kwafa. Kafin in gama rubuta jimla ɗaya an wuce uku.

Sai na bi abin da na ga kowa na yi, wato kwanan aji, wanda ɗalibai ke kira TDB. Bayan isha'i in ɗauki goro da filas ɗin shayi in tafi, cikin sanyin hunturun Zariya mai ratsa ƙashi. In zauna da jan biro ina ja wa layuka layi har asuba. Shafi ya yi jawur, idona ya yi jawur, in fito ina jin na yi karatu.

Gwajin farko na Kemistiri ne ya farkar da ni. Na haddace ma'anar mol, wato ma'aunin yawan sinadari, kalma da kalma, har da lambar Avogadro da ke tafiya da shi. Da takarda ta zo, ba a nemi ma'ana ba. Cewa aka yi, giram 36 na ruwa mol nawa ne? Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, raba 36 da 18 kawai za ka yi ka samu 2. Na zauna ina kallon tambayar, ma'anar tana ta kai-komo a kaina, amma na rasa ta inda zan kama. Maki 6 na samu cikin 20. A lokacinmu gwaje-gwaje na da maki 40, babbar jarrabawa 60, wanda ya gaza 40 a jimla kuma ya ɗauki kariyoba, wato sai ya sake darasin. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Baba ya sayar da buhunan masara kafin a biya min kuɗin rajista, kuma wannan ne ya tsaya min a rai.

Da aka samu ɗan hutu na tafi gida Funtuwa. Baffana, yayan Baba, alaramma ne mai almajirai a ƙofar gida. Wata la'asar ina zaune gindin darbejiya da littafina da jan birona, ashe ya daɗe yana kallona daga kan buzunsa.

"Ɗan nan, zo nan da littafin."

Na je na durƙusa. Bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ya karɓa ya jujjuya, ya duba jan layin, sannan ya kife shi a kan tabarma.

"To, faɗa min abin da ka karanta yanzu. Da Hausa, yadda zan gane."

Na buɗe baki, Turancin da na haddace ya fara fitowa. Ya ɗaga hannu. "Na ce da Hausa."

Shiru. Wallahi awa guda na yi a kan shafin nan, amma na kasa haɗa jimla biyu.

"Allah gafarta Malam, sai na sake dubawa."

Ya kira wani ɗan kolo, yaron da bai fi shekara takwas ba, ya ce ya kawo allonsa. Yaron ya juya rubutun ya fuskanci Baffa, shi kuma yana kallon bayan allon, ya karanto har ƙarshe. Baffa ya ce, "Ka gani? Ba ya wanke allo sai ya kawo shi ba tare da ya kalla ba. Kai kuwa ido kake ba wa karatu, ka hana zuciya. Kuma wanda ya wanke yau, gobe zai maimaita min shi, jibi ma haka. Ni da na haddace izu sittin, kullum sai na yi tilawar izu biyu, in sauke a wata. In na bari, zai gudu." Ya tuna min hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta mai haddar Alƙur'ani da mai raƙuma ɗaurarru: in ya kula da su ya riƙe su, in ya sake su su tafi.

Na koma makaranta na ajiye jan biro. Na daina kwanan aji, na ɗaura karatuna a kan lokutan salla. Bayan la'asar in ɗauko laccar ranar, in karanta sashe guda, in kife littafin, in rubuta abin da na gane a farar takarda. Inda na cije, nan ne kawai nake komawa. Bayan asuba in maimaita na jiya da na shekaranjiya. Asabar kuwa ta tsofaffin tambayoyin jarrabawa ce, da agogo a gabana. Kalmar da ta shige min duhu in duba ƙamus, in rubuta ta a bayan littafi. Akwai wani ɗan ɗakinmu ɗan Gusau da muka yi alkawari: kowane dare kafin barci, kowa ya yi wa ɗan'uwansa bayanin abu ɗaya da Hausa, minti biyar.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar nan ta fi kwanan aji ɗaci. Mai ja wa layuka layi yana tashi da daɗin rai, mai kife littafi kuwa kullum sai ya ga ramin da ke kansa. Makonni biyu na farko har na yi niyyar bari. Daga baya, a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, na ci karo da labarin wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, wanda a 1885 ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaitawa a tsakanin kwanaki tana rage mata gudu. Na daɗe zaune riƙe da littafin ina tuna ɗan kolon nan da allonsa.

Ranar da aka kafe sakamako na tsaya daga baya har cunkoso ya ragu. Na bi lambata da yatsa. Kemistiri, 58. Ba A ba ce, amma ba kariyoba ko ɗaya. Na fita ta babbar ƙofa na sayi goro fari na kyauta don Baffa, na sa aka naɗe min shi a ganye.

Ban kai ga ba shi da hannuna a wannan makon ba, domin kafin in shiga mota saƙo ya iso cewa Inna na kwance. Daga nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.