Baƙin Mai da Zafin Zariya: Abin da Gareji Ya Koya Mini

Yawancin baburan da ake kawo mana gareji a Tudun Wada tsofaffi ne: Jincheng da ta ga jiya ta ga yau, Honda CG 125 irin ta malaman makaranta, sai Boxer ta 'yan acaɓa. Dukkansu iska ce ke sanyaya su, babu lagireto, babu fanka. Haƙarƙarin ƙarfen nan da ke jikin silinda su ke zubar da zafi, su ma sai babur na gudu. Zafin da ke can ciki kuwa, ƙarƙashin fistin, baƙin mai ne ke kwaso shi ya sauko da shi gindin inji ya huce. Mutane sun ɗauka santsi kaɗai ne aikinsa. Ni dai a wurin Maigida na fara jin cewa shi ne ruwan sanyin babur, kuma lita ɗaya ce kacal ko ƙasa da haka ke ɗauke da wannan nauyi.

To ka duba watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke kusantar digiri 40. Ɗan acaɓa ya ɗauko buhun masara da mai buhun, ya maƙale a cunkoson Kwangila, inji na kunne, iska ba ta dukansa. Baƙin mai ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 100. In ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, kuma kowane ƙarin digiri 10 kusan ninka saurin lalacewarsa yake yi. Ranar juyen mai ake ganin sakamakon. Kana kwance noti zai zubo tsararo, baƙi ƙirin, da ƙauri mai hawa kai.

Daga nan ne kowa ke neman mai kauri. Mutum zai lakato mai, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ce, "Maigida, wannan ai ruwa ne, a sa mini mai jiki." Maigida yakan ce, "Alhaji, yatsanka ba inji ba ne." Gaskiyarsa. Kaurin da yatsa ke ji na man da ke sanyi ne. Lambobin jikin galan, irin 20W-50, abu biyu suke faɗa: ta farko yadda yake gudu da sanyi, ta biyu kaurinsa a digiri 100. Ga tsohon inji da ƙarafansa suka ɗan saki, a yanayinmu, 20W-50 nake zaɓa. SAE 40 zalla, wato mai lamba ɗaya, da ake yawan sayarwa yana jure rana, amma da asubahin hunturu a Samaru yakan yi nauyi, ya daɗe bai hau kan tafet, ƙarafan da ke danna bawul a saman inji, ba, ga mai babur ya buga ya murɗe totur nan take. A 'yan daƙiƙun nan ake cin inji. Minti ɗaya ko biyu na ɗumi ya wadatar, sannan a fara tafiya a hankali. Shi kuwa abin nan mai kama da zuma da ake ƙarawa don hayaƙi ya ragu, ɓoye ciwo ne kawai, ringin fistin da ya cinye sai canji.

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci kafin na fahimta shi ne batun kuloci. A waɗannan babura mai ɗaya ne ke wanka wa inji da giya da faifan kuloci. Man ƙananan motoci na zamani akwai wanda ake sa wa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur. Ka zuba shi a babur, kuloci ya soma sulɓewa: inji na ihu, gudu babu, zafi na ƙaruwa. Don haka ne Japan ta fito da ma'aunin JASO a 1998, kuma duk galan ɗin da ke ɗauke da rubutun 4T da JASO MA ko MA2 an yi shi ne don kulocin da ke cikin mai. Na kwalbar bakin titi da aka ɗura daga durom babu rubutun da za ka karanta, sai rantsuwar mai sayarwa.

Wani zafin ma ba laifin mai ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, 'yan acaɓa da yawa ke sa a matse musu kabireta don a rage shan fetur. Fetur in ya yi ƙaranci a cikin iska, inji ya fi ɗaukar zafi, kuma filogi ba ya ƙarya: za ka ciro shi fari fat maimakon ruwan ƙasa. Ga taɓon damina da ke bushewa a tsakanin haƙarƙarin silinda, ba mai kankarewa. Ga masu fasa ledar fiya wata a kan inji yana tsaka da zafi, har ya yi cuuu. Wannan kam ina hanawa ko ba a tambaye ni ba, domin kan silinda na iya lanƙwasa ko ya tsage. A kashe shi a inuwa, a sha shayi, ya huce da kansa.

CG 125, wadda Honda ta fitar a 1975, ba ta da matatar mai ta takarda. 'Yar raga ce a ƙasa, sai wani kofi mai juyawa a ɓangaren kuloci da ke wurga datti gefe ya manne. Na sha buɗe wanda ba a taɓa wanke shi ba, dattin ya daskare sai da sukudireba. Tunda mitar yawancin baburan nan ta mutu tuntuni, ba na lissafi da kilomita. Ɗan acaɓan da ke fita kullum ina ce masa ya yi juye duk mako biyu, a wanke raga, ya kuma duba gejin baƙin mai kowace safiya, babur a miƙe a wuri mai daidai. In ya ga kofin shayi guda ya ragu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mansa ke nan ya tafi, ya cike kafin ya ɗauki fasinjan farko.