Hayaƙin da ya ƙi tashi

Talata, tsakiyar hunturu.

Da na fito daga masallaci bayan sallar asuba, na tarar hayaƙin murhun Inna mai ƙosan bakin layinmu ya kai tsayin katanga kawai, sannan ya kwanta bisa rufin gidaje kamar an shanya farin mayafi. Da na gaishe ta, sai ta ce, "Malam, yau hayaƙin ma sanyi yake ji." Na yi dariya, amma maganar Inna ba ta kauce wa gaskiya ba.

Da dare, musamman idan babu gajimare, ƙasa takan saki zafin da ta sha da rana, ta huce, ta kuma sanyaya iskar da ke manne da ita. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka sai ta zauna a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta ta zama murfi. Kaurin wannan shimfiɗa ta dare sau da yawa bai wuce mita 100 zuwa 300 ba, kuma a cikinta hayaƙin itace da na babura da ƙura suke cunkushewa, mu kuma mu shaƙa. Ina zargin shi ya sa tarina ya fi tsananta da sassafe.

Da hantsi ya dubi ludayi, rana ta fara gasa ƙasa, iska mai zafi ta riƙa tashi dunƙule-dunƙule kamar tafasar tukunya, har murfin ya fashe, hayaƙin ya watse. Daga tagar aji na hango shirwa biyu suna kewaye ba tare da kaɗa fiffike ba, wannan iskar ce take ɗauke da su. Zuwa azahar kaurin shimfiɗar iskar da ke gaurayuwa yakan kai kilomita 1 ko 2, a hamadar Sahara kuwa lokacin zafi har ya haura 4.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hazonmu ma yana da nasaba da wannan fashewa. A kwarin Bodele na ƙasar Chadi, iska mai ƙarfi takan ratsa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, tana gudu cikin dare a saman murfin. Idan rana ta fito ta gauraya iskar, sai ƙarfin ya sauko ƙasa ya tayar da ƙurar da ke isowa nan bayan kwanaki.

Gab da magariba iska ta tsaya cik, hayaƙin masu tsire ya soma kwanciya, na tashi na rufe tagogi.