Jar fitila ba ta san oga ba

Tunda na bar aikin tuƙi a kamfanin, abokan aiki ke ta tambayata ko maganar farar a-kori-kurar nan ce ta kore ni. Ita ce, amma ba ita kaɗai ba. Waɗanda muka yi aiki tare sun san motar, sun san mai kula da sashen sufuri, ba sai na kama suna ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda abin ya faro, domin labarin da ya fito daga ofis daban yake da abin da ya faru a bakin gareji.

Fitilar baƙin mai ce ta fara ƙyaftawa, jar nan mai siffar 'yar buta da ɗigo a bakinta. Da safe inji da sanyi ba ta nuna komai. Sai an yi tafiya mai nisa, inji ya ɗau zafi, ka tsaya kana jiran hannu, sannan ta fara walƙiya. Ka ɗan taɓa totur, ta ɗauke. Ranar da na fara gani na faɗa wa oga. Ya sa aka ɗaga bonet, aka zaro sandar gwajin mai, aka ga mai yana kan layin sama. Ya ce to shi ke nan, sansa ce ta lalace, wato na'urar da ke kunna fitilar, a ci gaba da aiki.

A nan direbobi da yawa ke ruɗewa, a nan kuma ya samu mafaka. Wannan fitila ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin da famfo ke tura shi cikin inji take lura da shi. Mai yana iya cika fal a ƙasan inji amma bai isa inda ake bukatarsa ba. Karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, ba ya taɓa metal ɗin da yake zaune a kai kai tsaye, a kan wani siririn mai yake juyawa, kuma in allurar juyin inji tana kan 2,000, sau 33 ke nan yake juyawa a daƙiƙa ɗaya. Mai in ya yi zafi tsinkewa yake yi, famfo kuma a silo a hankali yake juyawa. Idan metal ya cinye, ko famfo ya gaji, ko rariyar da ke tsotso mai ta toshe, a daidai wannan lokaci ne matsin zai faɗi. Shi ya sa fitilar ke zuwa da zafi a silo, ta tafi in an ba da wuta. Kuma ba ta kamawa sai matsin ya yi ƙasa ƙwarai, wato kafin ka gan ta an riga an yi nisa.

Sansa takan lalace, ban musa ba. Amma hanyar rarrabewa ba wuya gare ta ba: a kwance sansar, a ɗaura agogon gwajin matsi a gurbinta, a bar inji ya yi zafi, a karanta. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba bakanike awa ɗaya ya gwada. In matsi lafiya lau yake, ni zan fara ba da haƙuri."

Ya dube ni ya ce, "Malam, kai direba ne ko injiniya? Kaya na jira."

Washegari aka miƙo min makulli aka ce an gyara. Na shiga, na murɗa makulli zuwa matakin farko ban tayar da inji ba, kamar yadda nake yi kullum. A wannan mataki duk fitilun gargaɗi kan kama gaba ɗaya, na batir, na birki, na ABS (tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki), na inji, na mai. Motar ce ke nuna maka cewa kowace tana da rai, sannan su ɗauke ɗaya bayan ɗaya in inji ya tashi. Ita ta mai dole ta kama, tunda inji a kashe yake, babu matsi ko kaɗan. Ranar nan kowa ya amsa, ban da ita. Na sauka na leƙa gefen inji da tocilan. An zare wayar sansar, an naɗe bakinta da baƙin salatif, an cusa ta bayan wasu wayoyi. Gyaran ke nan.

Na ce ba zan ja ta ba. Na rubuta a littafin mota abin da na gani, na sa kwanan wata, na sa hannu. Oga bai yi min gardama ba. Sai ya kira wani yaro sabon ɗauka, wanda ko tabbatar da shi ba a yi ba, ya ba shi makullin.

Yaron ya same ni a bayan motar ana yi mata lodi. Ya ce, "Baba, yaya ka gani?" Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, kai in ka ƙi ana jin kunyarka. Ni in na ƙi, gobe wani ne a kujerar." Gaskiya ya faɗa. Iyakar abin da na iya shi ne na ce ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya kasa kunne, in ya ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji ya gangara gefe ya kashe nan take.

Ya ji ƙwanƙwasar, amma tsakaninta da bugawar inji babu ko minti ɗaya. Allah ya taimake shi a miƙaƙƙiyar hanya ce, ba a kwana ba, ba a gangara ba. Wanda bai taɓa gani ba bai san cewa in inji ya mutu mota na tafiya, ba gudu kaɗai ake rasawa ba. Sitiyari yakan yi nauyi kamar an ɗaure shi, birki kuma taimakon da ya rage masa bai wuce taku ɗaya ko biyu ba, daga nan sai ƙarfin ƙafa. Yaron ya taka kuloci, ya kunna fitilun haɗari, ya taka birki sau ɗaya ya riƙe bai yi ta famfo ba, ya sauke mota mai cike da kaya gefen titi ba tare da ya taɓa kowa ba. Direbobin da suka fi shi daɗewa da yawa ba za su yi abin da ya yi ba.

Rahoton da aka rubuta ya ce direba ya yi sakaci, bai kula da alamun dashbod ba. Alamar da aka zare wa waya. Na ɗauki littafin mota na kai sama, aka ce min wannan littafi na lissafin mai da kilomita ne, ba na ƙorafi ba. Kafin wanda zai duba motar ya iso, wayar ta koma mazauninta, salatif ya ɓace. Bakaniken da ya san wanda ya ba da umarnin yana da iyali, ban zarge shi da yin shiru ba. Aka sallami yaron. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi kan ƙin bin umarni, aka mayar da ni kan motar da ta fi kowace tsufa da tafiyar dare. Kuɗin injin da aka saya ya ninka kuɗin awa ɗayar bakanike sau nawa, wannan lissafin babu wanda ya yi shi a gabana.

Daga ranar na daina dogaro da takarda kaɗai. Duk fitilar da ta kama, sai na tsaya na ɗauki hoton dashbod da waya, yadda fitilar da lambar maleji za su fito tare, in tura wa oga a rubuce. Saƙo yana ɗauke da ranarsa da lokacinsa, kuma ba a yage masa shafi. Ya tsani wannan ɗabi'a tawa ƙwarai.

Sauran abin da zan bar wa masu tasowa bai kai wannan ɗaci ba. Launin fitila magana ce: ja na cewa nemi wuri ka tsaya, ruwan ɗorawa na cewa a duba da wuri, kore da shuɗi sanarwa ce kawai cewa wani abu na kunne. Jar fitilar batir ba cewa take batir ya mutu ba, altanato ne ya daina caji, kuma sau da yawa fambel ne ya tsinke. A motocin da wannan bel ɗin ke juya famfon ruwa, abin da zai biyo baya shi ne zafi, don haka in ta kama, ido ya koma kan allurar zafi. In allura ta haura, ka tsaya, kada ka kusanci murfin lagireto sai inji ya huce. Ruwan ciki yana cikin matsi, zafinsa ya wuce na tafasa, kana buɗewa zai yi tsartuwa a fuskarka.

Fitilar inji mai ruwan ɗorawa ita ce wadda ogogi suka fi son a goge. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci soket ɗin nan da ake jona na'ura a karanto abin da ke damun inji, daga baya ya zama ruwan dare. Na'urar tana karantawa, tana kuma gogewa. Gogewa ba gyara ba ce, fitilar za ta dawo, sai dai ta dawo a hannun wani direban. A motar dizal akwai wata da ke nuna ruwa ya taru a matatar mai. A zubar da shi ranar, domin ruwa ke kashe famfon mai da nozul. Mai DPF kuma, wato matatar hayaƙin dizal, in tata ta kama, tafiya take so a buɗaɗɗiyar hanya da gudu daidaitacce na wajen minti 20 zuwa 30 don ta ƙone baƙin hayaƙin da ya taru, ba a bar ta tana silo a harabar ofis ba.

Maɓallin 2H, 4H da 4L, wanda ke zaɓar ko da ƙafa biyu mota za ta ja ko da huɗu, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don na ga an ɓata motoci da shi. Akwai masu ganin 4H ƙarin ƙarfi ne, su bar mota a kai ko'ina. Yawancin a-kori-kura irin su Hilux, in ka sa 4H ka ɗaure gaba da baya ne su juya tare. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara. A yashi ko laka taya takan ɗan zame, bambancin ya fita. A busasshiyar kwalta babu inda zai fita, sai ya taru a cikin ƙarafa. Za ka ji sitiyari na turjewa, taya na ƙara, maɓallin ya ƙi komawa, wata rana kuma wani abu ya karye. Kwalta ta 2H ce. Ita 4L sai an tsaya cak an sa firi kafin a shiga, tana rage gudu ta ƙara ƙarfin ja kusan ninki biyu da rabi, aikinta hawa mai tsauri, gangara mai santsi, da fita daga inda aka kafe. Kuma a shiga 4H kafin a shiga lakar, ba bayan an nutse ba. Makullin difa na baya, mai sa tayoyin baya biyu su juya tare, in motar na da shi, na 'yan mitoci ne a miƙe, kana fita ka cire. Duk wannan taimako ne wajen tafiya. Wajen tsayawa, mai ja da ƙafa huɗu da mai ja da biyu birkinsu ɗaya ne.

A-kori-kura halinta biyu. Ba kaya, bayanta ba nauyi, ga shi da baya take turawa, in aka yi ruwa ka ba ta wuta a kwana sai ta wulla ƙugu. Da kaya kuma birki ya yi nisa, gaba ya ɗaga, fitila ta koma haska idon masu tahowa. Don wannan aka yi ɗan maɓallin nan na sauke hasken fitila mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari, wanda mutane da yawa ba su taɓa murɗawa ba. Nauyin da irin waɗannan motoci ke ɗauka yana wajen tan 1, kuma da kai da fasinjojinka duk a ciki kuke. Kaya mai nauyi ya zauna a ƙasa, kusa da kan mota, a ɗaure. Iskar taya ta mota mai lodi daban take da ta wadda ba kaya, an rubuta duka biyun a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma da sanyi ake aunawa.

A gudun kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa. Ka sunkuya kana neman maɓallin iska na daƙiƙa 2, ka wuce mita 50 ba mai tuƙi. Duk motar da aka ba ni, a tsaye nake koyon inda waifa, fitilun haɗari da maɓallin share hazon gilashi suke, har hannu ya same su ba da ido ba. Gudu in ya ninka biyu, tazarar birki ninkawa huɗu take yi. A doguwar gangara a sauko da giya, birkin da aka kwanta a kai zafi yake ɗauka ya daina kamawa. In ABS na bugun tafin ƙafarka, aikinsa yake yi, kada ka ɗaga. Bayan mota ba kujera, ba bel, ba rufi, ba wurin mutane ba ne, ko da wa ya ce a ɗan rage musu hanya.

Na yi shekaru a kamfanin ban taɓa lalata inji ba, ban taɓa kai kowa asibiti ba, amma takardar gargaɗin nan ce kaɗai abin da ke cikin fayil ɗina game da tuƙi. Wannan bai dame ni kamar ta yaron ba. Takardar sallamarsa har yau da kalmar sakaci a jikinta, kuma ita ake tambayarsa duk inda ya je neman aiki. Kafin in tafi na nemi a gyara ta, na haɗa da kwafin shafin da na rubuta. An ce za a duba.