Abin da na gaya wa ƙanena kafin ya tafi Birtaniya

A makon jiya ƙanena ya same ni a gida, a unguwar Gwale, da takardar samun gurbin karatu a wata jami'a a Manchester, ya ce: "Yaya, kai da ka zauna a can, me ya kamata in sani?" Muka shimfiɗa tabarma a zaure bayan La'asar.

Na fara da gyara masa kuskuren da yawancinmu muke yi, wato ɗaukar Birtaniya a matsayin Ingila. Ƙasashe huɗu ne a haɗe: Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa, mutanensu kimanin miliyan 67 a 2021, kuma idan ka ce da mutumin Glasgow ta Scotland ɗan Ingila, za ka ga ya ɓata rai fiye da Bazazzagin da aka kira Bakano. Suna da sarki, Charles na Uku, wanda ya hau gadon sarauta a 2022 bayan rasuwar mahaifiyarsa Sarauniya Elizabeth, wadda ta ziyarci Kano a 1956 zamanin Sarki Sanusi na Farko, amma Firaminista da majalisa ne ke riƙe da mulki.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne gaisuwa. A nan, kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, sai ka tambayi kwana, gajiya, iyali da kasuwa. A can maƙwabcinka zai iya shekara biyu bai wuce yi maka ɗan murmushi da cewa yau an tashi da ruwa ba, domin hirar yanayi ita ce "ina gajiya" tasu. Wata Lahadi na tashi takanas na je gaishe da wani abokin karatuna ba tare da na sanar da shi ba. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya a bakinta cikin ladabi, ya tambaye ni ko wani abu ya faru. Na koma ɗaki raina a ɓace, ina ganin an wulaƙanta ni. Sai daga baya na gane cewa a wurinsu mutunta mutum shi ne a ƙyale shi da lokacinsa da sirrin gidansa, kamar yadda a wurinmu mutunta shi yake nufin a taka a je inda yake. Mutumin nan shi ne ya kwana yana gyara mini rubutun kammala karatu, bai karɓi ko sisi ba.

Wannan ɗabi'a ce ke bayan bin layi da cika alƙawari. Ba a tsallake layi ko da kai wane ne, kuma idan ka taka ƙafar mutum a jirgin ƙasa, sau da yawa shi zai riga ka ba da haƙuri. Ganin likita a ƙarƙashin hukumar lafiyarsu ta NHS, wadda aka kafa a 1948, sai ka yi rajista da asibitin unguwa an ba ka lokaci, idan ka makara kuma sai a sake maka wata rana.

Sanyi kuwa ba irin hunturunmu ba ne, duhunsa ya fi ciwo. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, har Azahar, La'asar da Magariba su taru cikin awa huɗu, dole ɗalibi ya nemi inda zai yi salla tsakanin darussa.

Game da abinci na kwantar masa da hankali. Shayinsu da madara ne, sai dai bai kai na mai shayin bakin titi kauri ba, kuma naman halal ba ya wuyar samu, tunda ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales. Sai ya ce Hajiya ta riga ta sa a yi masa kilishi na guzuri. Na ce masa doka ta hana shiga da nama daga ƙasashe irin tamu, a filin jirgi za su karɓe. Ya yi shiru, sannan ya ce to gobe zai kawo shi nan zauren mu cinye tare.