Saƙo daga bakin teku zuwa Kwalkwalawa

Asabar, bayan sallar isha'i.

Kwana uku ke nan da dawowata daga Legas, sai yau Allah ya nufa na sauke amanar da na ɗauko. Tun ranar Laraba gorar ruwan nan take ajiye a kan durowata, ita da baƙar leda mai turmin atamfa a ciki. Yara sun tambaye ni ruwan mene ne har sun gaji, na ce kada wanda ya taɓa, na mutane ne.

Da hantsi muka fita ni da maigida, don a watan Afrilu wanda ya bari rana ta take a Sakkwato shi ya jiyo. Tun ƙarfe goma iskar da ke shigowa ta tagar mota kamar daga bakin murhu take fitowa. Muka bar Mabera, muka ratsa gari, muka kama hanyar jami'ar Ɗanfodiyo, muka nufi Kwalkwalawa, ƙauyen da ke bakin Gulbin Rima. Ina riƙe da gorar a cinyata, hankalina kuwa ya koma Lahadin da ta wuce.

Barkar haihuwa ta kai ni Legas, wajen ƙanwata. Ana saura kwana uku in taho mijinta ya ce, “Yaya, ba za ki koma ba ki ga teku ba.” Ni Bar Beach kaɗai na sani a labari, don Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin yadda suke zuwa can su zauna a kan yashi ba wanda ya tambaye su ko kwabo. Ashe wannan wurin ya tafi. An cike shi da yashi, an gina katangar duwatsu, ana ta da sabon gari mai suna Eko Atlantic a kansa. Yanzu mai son teku sai ya nausa wajen Lekki, ko ya hau kwalekwale mai inji zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe. Mu Lekki muka yi, can gaba da Ajah, bayan mun sha cunkoson motoci.

Tun daga ƙofa na gane wurin na masu hali ne. Aka biya kuɗin shiga, aka ɗaura wa kowa wata 'yar roba mai launi a wuyan hannu, aka duba jakunkunanmu, don ba a shiga da abinci ko abin sha daga waje. Sannan aka biya na rumfa daban. Rumfar katako ce mai fararen labulaye, da katifa da matasai, da ƙaramin tebur, tana fuskantar ruwa. Da na ji abin da surukina ya biya na yini ɗaya sai da na yi salati a zuci, don ya haura rabin albashina na koyarwa.

Amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wurin ƙwarai. Itatuwan kwakwa a jere, an share yashi tas kamar tsakar gidan amarya. Ga kwamin wanka na siminti mai shuɗin ruwa dab da teku, ga gadaje ƙarƙashin manyan lemomi, ga masu hidima cikin fararen riguna, ka ɗaga hannu kawai a zo. Aka sare mini kan ɗanyar kwakwa aka sa tsinken sha, ruwanta da sanyi. Aka kawo gasasshen kifi da soyayyar ayaba. Kiɗan ya yi mini yawa, kuma akwai shigar da na riƙa kawar da kai daga gare ta, da kwalaben da ba na son gani a teburin maƙwabta. Sai dai duk wannan ya zama ƙarami da na tsaya gaban ruwan kansa.

Ban san yadda zan rubuta shi ba. Ni da na tashi ina ganin Gulbin Rima, na je madatsar Goronyo sau biyu, na ɗauka na san ruwa. Wannan ba shi da tsallake. Ka duba har idonka ya gaji, sai ka ga ya haɗe da sama. Igiyar ruwa takan taso ta fi tsayin mutum, ta faɗo da ruri, ta shimfiɗo farin kumfa har kan ƙafafuna, in za ta koma kuma ta riƙa zare yashin da ke ƙarƙashin dugadugaina. Wannan jan ne ya ba ni tsoro. An kafa jan tuta, wani mai gadin ruwa yana ta busa usur duk wanda ya wuce gwiwa. Na tsaya ina ta tasbihi, hawaye na zuba ban san dalili ba.

La'asar ta yi, na ce wa ƙanwata da harshenmu na gida, “Wai ina aka yin salla nan wurin?” Wani yaro da ke gyara lema a gefenmu ya saki igiyar ya juyo.

“Hajiya, daga Sakkwato kike?”

Na ce awo. Ya ce shi ɗan Kwalkwalawa ne. Bai fi shekara ashirin da biyu ba, siriri, wuyan rigarsa ya jiƙe da gumi. Ya ja ni bayan ɗakin girki, kusa da babban janareta, inda ma'aikata suka shimfiɗa kwali da tsohuwar darduma. Ya kawo mini butarsa, ya nuna mini alƙibla. Nan na yi salla, ƙarar inji a kunnena, warin dizal a hancina, tekun kuma can baya da hannun dama.

Bayan na sallame muka ɗan taɓa hira, yana yi yana waiwaye kada a neme shi. A saman motar albasa ya zo, irin waɗanda ke sauke kaya a kasuwar Mile 12. Cin rani ya fito na wata huɗu, ga shi shekara ta uku tana neman cika. Aikinsa ɗaukar gadaje da lemomi: ya fitar da su da asuba, ya share yashi, ya mayar da su bayan baƙi sun watse, wani lokaci ƙarfe biyun dare. Na ce ɗan masunta kamarka ai kana shan iyo. Ya girgiza kai, ya ce tun da ya zo bai taɓa wuce ƙugu ba, wannan ruwan ba ya da amana irin ta gulbi. Kuɗi yana aikawa ta wajen mai POS na garinsu. Abin da ke damunsa, tsohuwarsa ƙaramar waya gare ta mai tocila, shekara uku muryarsa kawai take ji. Ya roƙe ni in ɗauke shi bidiyo. Washegari kuma ya biyo har gidan ƙanwata da atamfar da gorar cike da ruwan teku in kai wa tsohuwarsa, ya ce Inna ta daɗe tana cewa ƙarya ne a ce ruwa duka gishiri.

To yau ga mu a Kwalkwalawa. Gulbi ya ja baya sosai, yashi ya fito a tsakiya, yara na wanka, jiragen masunta biyu a ɗaure. Fadama kuwa kore shar. Muka tambayi masu sayar da kifi a bakin gada, da kwatancen da ya ba ni, nan da nan wani yaro ya shige gaba. Maigida ya tsaya a zaure wajen maza, ni na shiga.

Na iske ta tana tsince shinkafa a faifai ƙarƙashin dogon yaro. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, hannuwanta duk jijiya. Muka gaisa, ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa aka damo fura tun ba ta san abin da ya kawo ni ba. Da na ce daga wajen ɗanta nake, faifan ya kusa suɓuce mata.

“Ke kin gane shi da idonki, ɗiyata? Lahiya tai lau?”

Na ce lafiya lau, Inna, ga shi ma ki gani. Na kunna bidiyon na miƙa mata. Ta karɓi wayar da hannu biyu kamar an ba ta jariri. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ne. Yana tsaye da farar rigarsa, iska na kaɗa ta, yana gaishe ta, yana gaida kowa da suna, teku na ta tashi a bayansa. Da ya yi sallama sai ta amsa masa da ƙarfi. Ta sa ɗan yatsa ta shafi fuskarsa a gilashin, bidiyon ya tsaya, ta firgita ta ɗauka ta ɓata wani abu. Na sake kunnawa. Sau shida muka kalla, matan gida da na maƙwabta sun kewaye mu. A na farko ta ce ya rame. A na uku ta ce a'a, tsawo ya ƙara. Sai a na biyar ta lura da ruwan.

“Wanga ruwa ya kai na shekarar da gada tak karye?”

Ambaliyar 2010 take nufi, wadda ta cinye hanyar jami'a ta raba su da gari. Shi ne ruwa mafi girma da ta taɓa gani. Na ce Inna, wannan kullum haka yake, rani da damina. Ta yi shiru, sannan ta ce to Allah shi tsare mata shi, kada shi shiga.

Na kwance gorar. Ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta sa harshe, ta yamutse fuska, matan suka ɗauki shewa. Kowa sai da ta ɗanɗana. Wata ta ce da gaske kifi na rayuwa a cikin wannan? Ita Inna ta rufe gorar da kyau, ta kai ɗaki, ta dawo.

Tambayar da ta yi mini daga nan ita ce ta tsaya mini a rai har yanzu. Ta nuna fararen rumfunan da suka fito a gefen hoton, ta ce nan yake kwana? Na ce a'a, na baƙi ne, shi yana da wurin kwanansa tare da abokan aiki. Ban ga wurin ba, ban kuma ƙara komai a kai ba. Ni dai na san na kwanta a ɗaya daga cikin rumfunan nan yini guda, na san wanda ya ɗauko katifar a kansa.

A zaure, maigida ya ce, hirar sabuwar hanya suka yi, wadda aka ƙaddamar a Illela a 2024, mai tsawon kilomita 1,068, da za ta tashi daga nan ta dire Badagry a bakin teku. Wani dattijo ya ce in ta ƙare ko yaransu sa riƙa leƙo gida.

Da za mu taho Inna ta ƙulle mini bandar kifi a takarda, na ƙi, ta ɓata rai, na karɓa. Na ce ta yi masa magana in ɗauka. Ta gyara kallabi duk da na gaya mata murya ce kawai. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ta ce atamfa ta yi kyau, ta ce akuyarsa ta haifi biyu, ta ce shi zo da babbar salla ko da kwana uku ne.

Na tura masa tun la'asar. Alama ta nuna saƙon ya shiga, amma har yanzu bai saurara ba. Daren Asabar ne, na san wurin a cike yake. Na sa wayar a caji kusa da matashina, na ƙara mata ƙara.